Intel ko AMD: Matakan Zaɓen Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ga Mai Saye a Abuja

Duk wanda ya taɓa shiga Banex da ke Wuse 2 da niyyar sayen kwamfuta ya san tambayar da ake fara tarbarsa da ita tun kafin ya zauna: "Oga, i5 kake so ko i7?" Yawan jin wannan tambaya game da i5 da i7, waɗanda sunayen ƙwaƙwalen kamfanin Intel ne, ya sa mutane da dama sun ɗauka cewa zaɓen ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira furosesa, bai wuce a nemi lamba mafi girma da aljihu zai iya ɗauka ba. Idan kuwa aka ambaci AMD, kamfanin da ke gasa da Intel, ba a rasa wanda zai yamutsa fuska ya ce ai waɗannan zafi suke yi. A ganina sunan kamfani shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba, domin akwai tambayoyi uku ko huɗu da suka riga shi, kuma idan aka amsa su yadda ya dace, zaɓin kamfanin yakan zo da sauƙi.

Kafin a shiga matakan, yana da kyau a san su wane ne ke gasar. An kafa Intel a 1968, AMD kuma a 1969, dukansu a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma ƙwaƙwalen da suke ƙerawa yare ɗaya suke ji, wanda ake kira x86. Ma'anar wannan ita ce Windows da Word da Excel da AutoCAD duk suna aiki a kan kowanne ba tare da wani bambanci ba. Tsarin 64-bit ma da kwamfutocinmu ke amfani da shi a yau AMD ce ta fito da shi a 2003, daga baya Intel ta bi sahu. Zancen zafi yana da asali, domin ƙwaƙwalen FX da AMD ta fara fitarwa a 2011 masu shan wuta ne ƙwarai, har akwai wadda aka rubuta wa wat 220, kuma laftof masu arha na wancan lokaci da ke ɗauke da ƙwaƙwalen AMD na jerin A sun wahalar da jama'a. Amma tun da AMD ta fito da ƙwaƙwalenta na Ryzen a 2017, a ƙarƙashin shugabarta Lisa Su, labari ya sha bamban, kuma wanda yake yanke hukunci da abin da ya gani a 2013 yana cutar aljihunsa ne kawai.

Matakin farko ba a kasuwa ake yin sa ba, a gida ake yi da takarda da biro. Ka rubuta sunayen manhajojin da za ka riƙa buɗewa kullum, ba waɗanda kake fatan koya wata rana ba. Ma'aikacin ofis da aikinsa bai wuce rubuta wasiƙa da lissafin Excel da taron Zoom ba, buƙatarsa daban take da ta ɗalibin zanen gine-gine mai amfani da Revit, ko mai haɗa bidiyon biki, ko mai shagon buga takardu da zai bar na'ura a kunne daga safe har dare. Na farkon zai wadatu da Core i3 ko Ryzen 3 na zamani, ko kuma i5 da Ryzen 5 idan yana son ta daɗe tana yi masa hidima. Sauran su ne ke da hujjar kallon sama da haka.

Mataki na biyu shi ne wanda masu sharhin ƙasashen waje ba sa damuwa da shi, mu kuwa a nan shi ne gaba da komai, wato wutar lantarki. Mazaunin Maitama da ke samun wuta mafi yawan yini ba daidai yake da mazaunin Lugbe ko Kubwa ko Mararaba da ya dogara da inbata da sola ba. A yi lissafi mai sauƙi: batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kimanin wat 2,400 na awa guda, kuma idan irin na ruwa ne, rabi kawai ake so a sha domin ya yi ƙarko, wato 1,200. Kwamfutar tebur mai katin hoto da ke jan wat 300 za ta cinye wannan cikin awa huɗu, alhali laftof mai jan wat 30 za ta wuce yini guda tana aiki a kansa, ko da an cire abin da inbatar kanta ke sha. Harafin da ke ƙarshen lambar ƙwaƙwalwa shi ke faɗa maka yanayin cin wutarta. U na nufin mai tattali, wadda aka tsara a kan wat 15 ko kusa da haka. H ta laftof ce mai ƙarfi da ke kaiwa wat 45. HX kuwa ƙwaƙwalwar tebur ce aka cusa a laftof, kuma batirinta ba ya jimawa. Kamfanonin biyu suna amfani da waɗannan haruffa da ma'ana kusan ɗaya. A ɓangaren tebur, Ryzen 5 5600 da Core i5-12400 duk wat 65 aka rubuta musu, yayin da Core i9-14900K kan haura zuwa wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Wanda zai ajiye irin wannan a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, a zafin Abuja na watan Maris da Afrilu, ya sayi abin da ba zai taɓa morar ƙarfinsa duka ba, domin da zarar ƙwaƙwalwa ta kusa maki 95 zuwa 100 na zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Mataki na uku shi ne koyon karanta cikakkiyar lambar, kuma a nan ne aka fi yin asara, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa. Kalmomin i3 da i5 da i7, haka nan Ryzen 3 da 5 da 7, matsayi ne kawai a cikin zubi ɗaya, wato abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan. Ba sa gaya maka shekarar da aka yi ƙwaƙwalwar, ba sa kuma gaya maka yawan ƙwayoyin aikin da ke cikinta, waɗanda su ne tamkar ma'aikatan da ke raba aiki a tsakaninsu.

Na taɓa raka ɗan ƙanwata, wanda ya samu gurbin karatun injiniya, wani shago domin ya sayi laftof ta hannu. Mai shagon ya ɗauko wata fes da ita, ya goge murfin da hannun rigarsa, ya nuna mana sitikar da ke gefen madannai ya ce, "Alhaji, wannan Core i7 ce, ko ƙwarzane babu." Yaron ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, irinta abokaina suka ce in nema." Na ce a kunna. Da na duba sai na ga i7-7500U, zubi na bakwai, mai ƙwayoyin aiki biyu kacal. A kan kantar kuma akwai wata da ba a ko nuna mana ba, mai i5-8250U, zubi na takwas, wadda ke da ƙwayoyi huɗu, kuma kuɗinta bai kai na farkon ba. Da na ce ita muke so, mai shagon ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai bakwai ta fi biyar." Ban ga alamar yaudara a tare da shi ba, abin da ya sani ke nan, kuma abin da masu saye ke tambaya ke nan.

Ga yadda ake karantawa. A Intel, daga zubi na biyu zuwa na tara, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, saboda haka 8250U na takwas ce. Daga na goma zuwa na goma sha huɗu kuwa lambobi biyu na farko ake ɗauka: 10210U ta goma ce, 1135G7 ta goma sha ɗaya, 1235U ta goma sha biyu. Daga zubi na 12, wanda ya fara fitowa a ƙarshen 2021, Intel ta raba ƙwayoyin mafi yawan ƙwaƙwalenta gida biyu, manya masu ɗaukar aiki mai nauyi da ƙanana masu tattalin wuta. Idan aka ce maka i5-1235U tana da ƙwayoyi goma, gaskiya ne, amma biyu ne manya, takwas ƙanana, kuma bai dace a jera su kafaɗa da kafaɗa da ƙwayoyi takwas na Ryzen 7 waɗanda dukansu manya ne ba. A ƙarshen 2023 kamfanin ya fara sauke harafin "i" ya koma kiran sababbin Core Ultra 5 da 7 da 9, aka kuma sake ƙirga daga farko, don haka Core Ultra 7 155H ta fi duk wata i7 ta zubi na 13 sabunta duk da ƙanƙantar lambarta.

AMD ma tana da nata tarkon, musamman a laftof. A jerin 7000, lamba ta uku ita ke nuna ainihin ƙirar da ke ciki. Ryzen 5 7520U ƙirar Zen 2 ce, wadda ta samo asali tun 2019, mai ƙwayoyi huɗu; 7530U ƙirar Zen 3 ce mai ƙwayoyi shida; 7540U kuwa Zen 4 ce. Dukansu ukun "Ryzen 5, jerin 7000" za a kira maka su a shago, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce, kuma ta farkon RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, a manne yake da babban allon cikin na'urar, ba a iya ƙara shi. Haka nan 5500U Zen 2 ce, 5600U kuma Zen 3. Game da Celeron da Pentium da Athlon da ake cika sababbin laftof masu arha da su, irin su N4020 mai ƙwayoyi biyu, shawarata ita ce tsohuwar i5 ta zubi na takwas a jikin laftof ɗin ofis ta fi su amfani nesa ba kusa ba, duk da ƙamshin kwali da suke zuwa da shi.

Mataki na huɗu gajere ne amma ba a tsallake shi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana buƙatar Intel zubi na takwas zuwa sama. A ɓangaren AMD, daga Ryzen 3000 zuwa sama babu matsala, jerin 2000 kuwa wasu sun shiga wasu ba su shiga ba. Masu gyara suna iya tilasta Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, don haka ganin ta a kan allo ba hujja ba ce. A kuma lura cewa ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 da Latitude 5490, waɗanda suka cika kasuwar na hannu, an yi su da zubi na takwas an kuma yi wasu da na bakwai, jiki ɗaya, suna ɗaya.

Sai a mataki na biyar ne ake kwatanta kamfanonin, kuma kwatancen na ƙwaƙwalwa biyu takamaimai ne masu kusan kuɗi ɗaya. Ka rubuta cikakkun lambobin biyu a shafin intanet na PassMark ko ka nemi sakamakonsu na Cinebench, manhajar gwada ƙarfin ƙwaƙwalwa, ka duba maki iri biyu: na ƙwaya ɗaya da na dukan ƙwayoyi. Makin ƙwaya ɗaya shi ke nuna saurin buɗe manhaja da lilo a intanet da zanen AutoCAD, na dukan ƙwayoyi kuma shi ke nuna saurin fitar da bidiyo ko hoton gini da aka gama zanawa. Bambancin da bai kai kashi goma cikin ɗari ba, ba za ka ji shi a hannunka ba, kada ka biya kuɗi dominsa.

Duk da haka akwai wuraren da kowanne ya yi fice. Ga aikin ofis da karatu, babu wanda ya fi wani, ka ɗauki wadda ta zo da RAM mai yawa da batiri mai lafiya. Ga mai haɗa bidiyo, Intel tana da wani sashe mai suna Quick Sync da ke sauƙaƙa sarrafa bidiyo a manhajoji irin su Premiere Pro, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi, sai dai babu shi a ƙwaƙwalen tebur masu harafin F a ƙarshe, irin su i5-12400F, domin an kashe musu sashen hoto gaba ɗaya. Ga mai wasannin kwamfuta da ke da kuɗi, ƙwaƙwalen AMD masu X3D, tun daga 5800X3D ta 2022 zuwa 7800X3D da 9800X3D, su ne masana suka fi yabawa saboda ƙarin ma'ajiyar wucin gadi da aka ɗora musu. Ga wanda ba shi da kuɗin katin hoto kuma yana son haɗa ta tebur, Ryzen 5 5600G ta daɗe tana fitar da mutane kunya, domin sashen hotonta na ciki ya fi na takwarorinta na Intel na lokacin. A nan ma a yi hattara da harafi ɗaya: 5600 marar G ba ta da sashen hoto, idan ka haɗa ta ba kati, allo baƙi za ka gani. Wani abin da ya kamata mai sayen ta hannu ya sani shi ne a 2024 Intel ta amince cewa wasu ƙwaƙwalenta na tebur na zubi na 13 da 14, musamman manyan i7 da i9, suna lalacewa a hankali saboda yawan ƙarfin wutar da suke nema. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti, amma gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Ni dai ba zan sayi irin waɗannan a hannu ba sai an ba ni lokacin gwaji mai tsawo.

Wani zai tambaya game da Apple. Tun daga M1 ta Nuwamba 2020, Apple ke tsara ƙwaƙwalen kwamfutocinta da kanta a kan tsarin ARM, wanda yarensa daban ne da x86, kuma wajen daɗewar batiri da rashin zafi sun yi zarra, abin da ke da daraja ga mai fama da ɗaukewar wuta. Matsalar ita ce Revit da manhajar taswira ta ArcGIS Pro na Windows ne kaɗai, RAM da ma'ajiyar MacBook kuma ba a ƙara su bayan saye. Laftof masu Snapdragon X na kamfanin Qualcomm da suka fito a 2024 su ma ARM ne, Windows suke ɗauke da ita, amma tsofaffin firintoci da wasu manhajojin ofis na iya ƙin aiki da su, don haka mai shagon buga takardu ya bincika tukuna.

Mataki na shida ya shafi mai haɗa kwamfutar tebur, kuma ƙa'idarsa ita ce a lissafa kuɗin abu uku tare: ƙwaƙwalwa da madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da sauran kaya ke zama a kansa, da RAM. Kowace ƙwaƙwalwa tana da gurbin da take zama, kuma ta Intel ba ta shiga allon AMD. Gurbin AM4 na AMD ya ɗauki Ryzen tun daga jerin 1000 har zuwa 5000, yana amfani da RAM irin na DDR4, kuma kayansa sun wadata a kasuwa, sai dai tsohon allo kan buƙaci a sabunta masa BIOS kafin ya gane jerin 5000. AM5 da ya zo a 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa, amma kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da yi masa ƙwaƙwale har 2027 aƙalla, wanda ke nufin za ka iya canza ƙwaƙwalwa nan gaba ba tare da sayen sabon allo ba. A Intel, LGA1700 ya ɗauki zubi na 12 da 13 da 14, kuma akwai allunansa na DDR4 akwai na DDR5, abin da ke ba mai ƙaramin ƙarfi damar amfani da RAM ɗin da yake da shi. Core Ultra na tebur da suka fito a Oktoba 2024 kuwa sabon gurbi suke so, LGA1851. Kada ka zuba kuɗinka duka a ƙwaƙwalwa ka bar sauran jiki da yunwa. Ryzen 5 ko i5 mai RAM gig 16 da ma'ajiya mai sauri ta SSD za ta bar i7 mai gig 4 da tsohon faifai mai juyawa a baya a kowane aikin yau da kullum, kuma idan sashen hoto na ciki za ka dogara da shi, sandan RAM biyu na gig 8 sun fi sanda ɗaya na gig 16.

Mataki na bakwai a gaban kanta ake yin sa, kafin a tura kuɗi. Kada ka yarda da sitika, domin ana sayar da ita daban ana mannawa. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka zaɓi CPU, za ka ga cikakken suna da yawan ƙwayoyi. Tunda ana iya sauya sunan da Windows ke nunawa, ka tabbatar a BIOS ta hanyar danna F2 a Dell, F10 a HP, ko F1 a ThinkPad lokacin da take tashi, ko kuma ka zo da manhajar CPU-Z a filashinka. Bayan haka ka sa Cinebench ta yi aiki na minti goma kana kallon zafi a manhajar HWiNFO, ka kasa kunne ga fanka, ka sa tafin hannu a inda iska ke fita. Idan zafin ya manne a sama da maki 95 kuma gudun ya faɗi ƙasa warwas, ko iskar da ke fitowa ba ta da ƙarfi, to ƙura ta toshe hanya ko man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Wannan gyara ne mai sauƙi, kuma dalili ne na neman ragi, amma ka sa a yi shi a gabanka a sake gwadawa. Ƙurar hunturu da ke sauka a Abuja daga Disamba zuwa Fabrairu ba ta san Intel ko AMD ba, saboda haka ko bayan saye ka riƙa kai ta a buɗe a share sau ɗaya a shekara. Batiri kuma ana duba lafiyarsa da rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, a kwatanta ƙarfin da aka yi shi da shi da wanda ya rage masa.

Idan komai ya yi daidai, ka sa mai shago ya rubuta a rasit cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwar, misali i5-8350U ko Ryzen 5 5600U, ba "Core i5" kawai ba, tare da yawan RAM, girman SSD, lambar jikin na'urar da ke ƙarƙashinta, da adadin kwanakin gwajin da kuka yi yarjejeniya a kansu. A cikin waɗannan kwanaki ka ɗora mata ainihin manhajojin da ka rubuta a takardarka tun a matakin farko, ka yi aiki da ita a kan caja da kuma a kan batiri, da rana tsaka lokacin da ɗaki ya fi zafi, domin idan akwai abin da zai sa a mayar da ita, a lokacin ne zai bayyana.